Kafin Ka Sayi Faifan Tsohon Fim ɗin Kungfu, Juya Bayan Kwalin

Tsohon fim ɗin kungfu ba fuska ɗaya gare shi ba. Sunan da ke jikin kwali zai iya zama ɗaya, hoton jarumin ɗaya, amma abin da ke cikin faifan ya sha bamban da wanda maƙwabcinka ya saya. Kamfanonin Hong Kong na shekarun 1970 da 1980 sukan fitar da fim ɗaya ta hanyoyi da yawa: na gida, na kasuwar Taiwan da sauran masu jin Mandarin, na Japan da wani lokaci akan ƙara masa tsawo, da na Turai da Amurka da aka ɗora wa Turanci. Daga nan kuma kowane dillali ya sa almakashinsa, kowace hukumar tace finafinai ta sa nata. Saboda haka mai tara faifai ba fim kawai yake nema ba, bugu yake nema. Tambayar ba ita ce "kana da Drunken Master?" ba, ita ce "wanne gare ka?"

Ka fara da suna, don tun daga nan ake rikita mutane. Fim ɗin Bruce Lee na 1971, The Big Boss, an fitar da shi a Amurka da sunan Fists of Fury. Na 1972 kuma, wanda ainihin sunansa Fist of Fury, sai aka kira shi The Chinese Connection. Harafi ɗaya ne tsakanin Fists of Fury da Fist of Fury, amma finafinai biyu ne daban, ɗaya a masana'antar ƙanƙara a Thailand, ɗaya a makarantar koyon faɗa a Shanghai. The Way of the Dragon ya zama Return of the Dragon. King Boxer na 1972 shi ne Five Fingers of Death da ya buɗe wa finafinan kungfu kasuwar Amurka a 1973. The 36th Chamber of Shaolin na 1978 shi ne Master Killer. Maganin wannan mai sauƙi ne: kada ka dogara da suna, ka haɗa shekara da sunan darakta. In ka ga 1978 da darakta Lau Kar-leung da jarumi Gordon Liu da aski ƙwal, to ko me aka rubuta a sama ka san inda kake.

Daga ina hoton ya fito

Bayan kwalin kowane bugu na kirki yakan faɗi inda aka samo hoton. In bai faɗa ba, wannan shirun ma magana ce. Mafi daraja shi ne a ce an yi sikanin daga nagetif na asali, wato ainihin fim ɗin da ya bi ta cikin kyamara ranar ɗauka. Bayansa sai kwafin da aka wanke daga gare shi don ajiya, sannan na ƙarshe kwafin da aka riƙa haskawa a silima, wanda ya sha hannu, ya sha karce, launinsa ya koɗe. Kowane mataki da aka sauka, ana asarar kaifin hoto da abin da ke cikin duhu. Amma kada ka raina na ƙarshen nan gaba ɗaya. Finafinai da yawa na ƙananan kamfanonin Taiwan da Hong Kong ba su da nagetif yanzu, kwafin silima ne kaɗai ya rage, kuma kamfanin da ya gaya maka haka ɓaro-ɓaro ya fi wanda ya rubuta "an sabunta" ya ja bakinsa ya yi shiru.

Kalmar 2K ko 4K da kake gani tana nufin faɗin sikanin ne, ɗigo kusan 2,000 ko kusan 4,000 daga gefe zuwa gefe. Abin lura shi ne "sikanin 4K" daban, "faifan 4K" daban. Blu-ray na yau da kullum 1920 a 1080 yake nunawa ko da daga sikanin 4K aka yi shi. Faifan UHD, wato faifan 4K, ne ke ba da 3840 a 2160 tare da HDR, tsarin da ke ƙara tazara tsakanin haske da duhu. A ganina, ga yawancin finafinan Shaw Brothers, babban kamfanin fim na Hong Kong, Blu-ray mai kyau daga sabon sikanin ya wadatar. An ɗauke su da gilasan kyamara da ke lanƙwasa gefen hoto, kuma zuƙowar nan ta bazata da aka san su da ita takan bar fuskar jarumi a ɗan dushe na ɗan lokaci. Babu adadin ɗigon da zai gyara abin da kyamara ba ta kama ba tun farko.

Tarihin manyan rumbunan finafinai biyu, na Shaw Brothers da na Golden Harvest, yana da amfani a nan. Kamfanin Celestial Pictures ne ya mallaki finafinan Shaw Brothers 760, ya gyara su, aka fara fitar da su a DVD a Hong Kong daga 2002. Aiki ne babba, domin kafin nan yawancinsu a kulle suke, sai dai kwafin kaset da aka yi ta kwafewa. Amma gyaran na zamaninsa ne. An goge hoton ya yi santsi fiye da kima, kuma a inda aka haɗa ɗauka da ɗauka, wurin da gam ya ɓata fim, sau da yawa sai aka cire firam ɗin, wato hoto guda a jerin hotunan fim, da ya lalace maimakon a gyara shi. A fim ɗin soyayya ba wanda zai lura. A fim ɗin da naushi ke tashi a ɗauka ɗaya ya sauka a ta gaba, firam ɗaya ko biyu da suka ɓace suna canza bugun faɗan. Finafinan Golden Harvest kuwa, kamfanin da Raymond Chow da Leonard Ho suka kafa a 1970, akasarinsu suna hannun Fortune Star. Shi ya sa idan ka ga sabon Blu-ray na fim ɗin Shaw, tambayar ita ce: tsohon gyaran Celestial ne aka sake ɗurawa, ko sabon sikanin aka yi? Ko a cikin akwati ɗaya akan sami gauraye. Akwatin Shawscope na farko da kamfanin Arrow Video ya fitar a ƙarshen 2021, mai finafinai 12, wasu sabon gyara ne, wasu tsohon, kuma littafin da ke ciki ya fayyace wanne ne wanne.

Da idonka ma za ka iya gwadawa. Tsayar da fim a inda aka matso da fuska, ka dubi fata. Fim na gaskiya yana da tsaki-tsaki mai motsi a jikin hoton, kuma a cikin tsakin nan ramukan fata da zaren riga da gumi suke zaune. A 36th Chamber, wurin da jarumin fim ɗin, San Te, ke hawa da bokitan ruwa an ɗaura masa wuƙaƙe a damatsa don kada ya sauke hannu, ya kamata ka ga gumin a kansa ɗigo-ɗigo, ka ga saƙar rigar. In fuskar ta fito sumul kamar an shafe ta da kakin zuma, an wanke tsakin ne da kwamfuta, kuma an wanke har da abin da ka biya kuɗi don ka gani. In kuma ka ga farin layi siriri ya zagaye kafaɗar mutum a inda ya tsaya gaban sama, an ƙara kaifin ƙarya ne don a ɓoye tsohon hoto.

Sai faɗin hoto. Kusan duk waɗannan finafinan an ɗauke su da faɗin 2.35 a 1, shi ne abin da Shaw ke kira Shawscope. Kaset da DVD na farko-farko sukan yanke gefe da gefe don hoton ya cika tsohon talabijin, abin da ke zubar da fiye da kashi 40 cikin 100 na hoton. Darakta irin Lau Kar-leung yakan ja kyamara baya ya bar mutum biyu su yi ta musayar hannu a ɗauka ɗaya doguwa, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Yanke gefe yana nufin kana kallon akta yana dukan iska. Baƙin layi a sama da ƙasan allo ba matsala ba ce, shaida ce cewa an ba ka hoton cikakke.

Sauti, inda aka fi yin ɓarna

Nan ne na fi son mai saye ya daɗe. Waɗannan finafinan ba a ɗauki sautinsu a wurin ɗauka ba. Ana ɗaukar hoto shiru, daga baya a shiga ɗakin ɗora murya a yi magana da ƙarar naushi da kaɗawar riga. Ke nan duk wani harshe da ka ji ɗorawa ce, har da na Sinancin. Muryar Jackie Chan ta kansa ba ta fara fitowa a finafinansa na Hong Kong da sautin wurin ɗauka ba sai a Police Story 3 na 1992. Don haka masu cewa su "muryar asali" kaɗai suke kallo, a yawancin lokuta muryar wani ma'aikacin ɗakin sauti suke nufi.

Abin da ya kamata ka nema shi ne harshen da aka fara haska fim ɗin da shi a gida. Finafinan Shaw na shekarun 1960 da yawancin na 1970 Mandarin ne. Daga ƙarshen shekarun 1970, musamman da barkwanci ya shigo kungfu, Kantonis, Sinancin da ake yi a Hong Kong, ya karɓe kasuwa. Drunken Master na 1978 a Kantonis barkwancinsa yake zaune daidai. An daɗe ana sayar da shi da sautin Kantonis mai giɓi, inda a wasu wuraren sai ka ji an cike da wani harshe, har sai da kamfanin Eureka ya fitar da shi a Birtaniya a 2017 da cikakken sautin. Irin wannan bayanin ne ke raba bugu da bugu, ba zanen da ke gaban kwali ba.

Kiɗa ma yana canzawa da harshe. The Big Boss yana da kiɗa iri uku: na Wang Fu-ling a Mandarin, na Bajamushe Peter Thomas a Turanci, sai na Kantonis da aka yi daga baya wanda har kiɗan Pink Floyd aka tsoma a ciki. A wancan zamani ba a cika damuwa da neman izini ba. King Boxer ya ɗauki jiniyar nan ta kiɗan Ironside na Quincy Jones, wadda darakta Quentin Tarantino ya sake amfani da ita a Kill Bill. Master of the Flying Guillotine na 1976 cike yake da kiɗan ƙungiyoyin Jamus irin su Neu! da Kraftwerk da Tangerine Dream. Wannan aron ne ke jawo matsala yau: wani kamfanin, don tsoron shari'ar haƙƙin mallaka, sai ya cire kiɗan ya sa wani. Fim ɗin yana nan, amma ruhin fitowar ya tafi.

Babban tarko shi ne abin da aka rubuta 5.1. Asalin sautin waɗannan finafinan mono ne, hanya ɗaya. A farkon shekarun 2000, da aka zo fitar da su a DVD, sai aka sake haɗa sautin don ya cika lasifika shida, aka ƙara sabuwar ƙarar naushi, sabuwar ƙarar takobi, har da kukan tsuntsaye a wuraren da babu su a da. Naushin asali siriri ne, busasshe, mai ƙara kamar bulala, kuma 'yan sautuka kaɗan ne ake ta maimaitawa. Da su aka auna saurin faɗan. Sabon kuwa yana da nauyi da rugugi, ya fi dacewa da fim ɗin yaƙin zamani. Ka nemi inda aka rubuta mono na asali. Ko a nan ma a yi hattara, domin an sha samun faifan da aka rubuta mono alhali sabon 5.1 ɗin ne aka matse ya koma hanya ɗaya. Gwajin shi ne ka saurari fitowa ɗaya a sautukan biyu. In tsuntsun da ke kuka a 5.1 yana kuka a monon ma, an yi ba a yi ba.

Ban yarda da masu raina ɗorin Turanci na da ba. Mutane da yawa a duniya ta nan suka san waɗannan finafinan, da muryoyin nan 'yan kaɗan da ke yawo daga fim zuwa fim, bos da dariyarsa, tsohon malami da muryarsa mai rawa. Tarihi ne shi ma. Sai dai ka bambance tsohon ɗorin da aka yi lokacin fitar fim ɗin da sabon da aka sake yi shekaru 20 ko 30 bayan nan. Bugu na ƙwarai yakan ba ka duka, ya kuma gaya maka wanne ne wanne.

Fassarar da ke ƙasan allo tana da nata algus. Wasu kamfanoni ba sa fassara Sinancin, sai su kwafe maganar ɗorin Turanci su mayar da ita rubutu. Ɗorin kuwa an rubuta shi ne don ya dace da motsin baki, ba don ya faɗi abin da aka ce ba. Za ka gane haka idan rubutu ya fito alhali ba wanda ke magana, ko mutum ya yi doguwar magana rubutun ya ba ka kalma uku. Suna ma yakan tona asiri. In kana kallon Drunken Master da Kantonis ka ga rubutu na kiran jarumin, Wong Fei-hung, da "Freddy", to ba fassara kake karantawa ba. Ka nemi inda aka ce an yi sabuwar fassara.

Almakashi

Tsawon fim da aka rubuta a kwali yana taimakawa, amma yana da tarko ɗaya. Fim yana tafiya da firam 24 a daƙiƙa, DVD ɗin Turai na tsarin PAL kuwa 25 yake yi. Saboda haka fim mai minti 100 yakan koma 96 ba tare da an yanke komai ba, sai dai muryoyi su ɗan yi sama, faɗan ya ɗan ƙara sauri. Kada ka ga bambancin minti huɗu tsakanin DVD ɗin Ingila da na Amurka ka yanke hukunci. Blu-ray ya raba wannan gardama, domin kusan kullum da gudun asali yake zuwa.

Yankan gaskiya iri-iri ne. Hukumar tace finafinan Birtaniya, BBFC, a zamanin James Ferman ta ɗauki karan tsana ta ɗora wa sandar nan mai sarƙa, nancaku. Shekara da shekaru ana cire ta daga finafinan Bruce Lee, har da fitowar da ya fi shahara da ita a Enter the Dragon, sai bayan tafiyar Ferman a 1999 aka sassauta. Tsohon kaset ko DVD na farko daga Ingila, ka ɗauka an taɓa shi sai ka tabbatar. Har yau kuma hukumar tana yanke wuraren da aka cutar da dabba da gaske, bisa dokar 1937, kamar dokin da aka harɗe ya faɗi, ko faɗan kyanwa da maciji a Snake in the Eagle's Shadow. Daƙiƙu kaɗan ne galibi, kuma ni ba sa hana ni saye, amma gara ka sani kafin ka biya.

Wanda ya fi ciwo shi ne yankan 'yan kasuwa. Drunken Master II na 1994, mai faɗan nan na ƙarshe a masana'antar ƙarfe inda Jackie Chan ya ja da baya a kan garwashi, an fitar da shi a Amurka a 2000 da sunan The Legend of Drunken Master: an ɗora Turanci, an canza kiɗa da sautuka, an cire fitowar ƙarshe. Sai a 2021 Warner Archive ya fitar da shi cikakke da Kantonis ɗinsa. Iron Monkey na 1993 ma ya sha irin wannan gyaran fuska a bugun Amurka na 2001. Duk faifan Amurka na wancan tsakanin, na finafinan Jet Li da Jackie Chan musamman, a duba shi sau biyu.

Sai dai mafi tsawo ba kullum ne mafi kyau ba. Police Story na 1985 yana da bugun Hong Kong, da na Japan mai ƙarin fitowa, da gajeren da aka yi don kasuwar waje. Na Hong Kong ya fi tafiya da ƙarfi. Enter the Dragon yana da na silima na 1973 da wanda aka ƙara wa kusan minti uku a 1998, hirar Lee da babban malamin Shaolin. Akwatin Bruce Lee at Golden Harvest da Arrow ya fitar a 2023 ya zo da bugun Mandarin na The Big Boss mai ƙarin kusan minti 10 da aka daɗe ana nema, duk da cewa fitowar nan da ake ta labari, inda Lee ya kafa wa wani zarto a ka, ba ta ciki. Abin da kake so shi ne faifan da ya tara su ya bar maka zaɓi. Game of Death na 1978 kuwa, da aka kammala bayan rasuwar Lee, labarinsa daban: kusan minti 11 kacal na ainihin faɗan da Lee ya ɗauka a 1972 aka sa a ciki, sauran masu kama da shi ne. Darajar kowane bugunsa tana ga ko ya haɗo da sauran ɗaukar ta 1972 a cikin ƙarin kaya.

Kulle na yanki

Wannan gajere ne amma shi ke sa mutum ya rungumi akwati mai tsada yana kallon baƙin allo. Blu-ray yanki uku ne. A ya ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da Hong Kong da Taiwan da kudu maso gabashin Asiya. B ya ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya. C ya ɗauki Sin da Rasha da Indiya. DVD kuma lamba ce, 1 zuwa 6. Faifan Criterion na Amurka A ne, na Eureka da 88 Films na Birtaniya galibi B. Faifan UHD ba shi da kulle, amma Blu-ray ɗin da ke rakiyarsa a akwati ɗaya, inda ƙarin kaya suke, yana iya zama a kulle. Wanda zai yi tarin nan da gaske, na'urar da ke karanta kowane yanki ita ce sayayyarsa ta farko, kafin kowane fim. In ba haka ba rabin kasuwar a rufe take gare shi.

Kwali, littafi, da jabu

Bugun da ake kira taƙaitacce yakan zo da akwati mai kauri, littafi, fosta da katunan hoto. Bayan ya ƙare, sau da yawa kamfanin yakan sake fitar da faifan a kwali na yau da kullum, kuma faifan shi ne dai. Abu ɗaya da nake ganin ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne littafin, in yana ɗauke da bayanin gyara da rubutun masana, sai kuma idan an ce akwai faifai na musamman da ba zai dawo ba. Rigar kwali ta waje da wasu ke bi da kuɗi kamar gwal, takarda ce. A gefe guda, kada ka yi ta jira har abada: waɗannan kamfanoni hayar fim suke yi na 'yan shekaru, lasisi na ƙarewa faifan ya bar kasuwa. Haka aka yi da Hong Kong Legends, kamfanin Birtaniya da ya yi tashe daga 1999 ya rufe a 2007.

A cikin ƙarin kaya, sharhin murya ne ke da nauyi. Masanin fim irin Frank Djeng zai gaya maka wasan kalmar Kantonis da fassara ta kasa ɗauka, Tony Rayns ya ba ka tarihin kamfani da darakta. Tsohuwar tallar fim ma kada ka tsallake ta, domin a cikinta akan ga ɗaukar da ba ta shiga fim ɗin ba.

Jabu yana da alamu. Juya faifan ka dubi ƙasansa: DVD na kamfani azurfa ne, wanda aka ƙona a kwamfuta yakan yi shuɗi-shuɗi ko shunayya, kuma za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya. A zoben tsakiya na faifan kamfani akwai ƙananan lambobi da haruffan IFPI. Akwatin da ya yi alƙawarin finafinai 20 a faifai biyu, ko kwalin da ba sunan kamfani ba tambarin mai haƙƙi, sayensa cinikin biri a sama ne. Na taɓa karɓar wani da aka rubuta wa "sabon gyara" da manyan baƙaƙe, ashe kwafin kaset ne, fassarar fara a kan farar riga, rabin layin ya fita daga allo. Kafin ka biya kuɗi mai yawa, nemi hotunan da masu bita ke ɗauka daga faifan su jera su kusa da na tsohon bugu. Gani ya kori ji.

Ta ina za a fara

Kada ka fara da babban akwati don kawai ya cika kanta. Fara da fim ɗin da ka haddace, wanda ka san inda kiɗa ke shigowa da inda bos ke faɗuwa, domin a kansa ne kunnenka da idonka za su koyi bambance bugu. Bayan haka akwatunan suna da ma'ana. Mai son Shaw ya nufi Shawscope: na biyu, na 2022, shi ke da 36th Chamber da biyun da suka biyo shi, na uku kuma na 2024 ya karkata ga finafinan takobi, da One-Armed Swordsman na Chang Cheh na 1967 a gaba. Shout! Factory ma yana da jerin Shaw Brothers Classics tun 2023, finafinai da yawa a akwati, gyaran dai galibi na Celestial ne. Mai son Bruce Lee yana da na Criterion na 2020 ko na Arrow na 2023. Jackie Chan da Sammo Hung sun fi yawa a hannun 88 Films da Eureka. Wanda kuma yake son ya ga inda abin ya kai ƙololuwa a wajen kyan hoto, ya nemi A Touch of Zen na King Hu, fim ɗin da ya sami kyauta a Cannes a 1975, wanda jarumarsa Hsu Feng ta ɗauki nauyin gyaransa a Taiwan. Faɗan dajin gora da ke cikinsa shi kaɗai ya isa ya nuna maka amfanin sikanin mai kyau.

In faifan ya iso, talabijin ɗinka na iya rushe duk wannan ƙoƙarin. Shiga saiti ka kashe abin da ke ƙara santsin motsi, domin yana ƙirƙirar firam na ƙarya tsakanin na gaskiya, kuma a faɗa mai sauri sai ka ga hannu ya rabu biyu. Kashe mai rage tsaki, ka sauke kaifi, ka zaɓi yanayin silima ko Filmmaker Mode in akwai, ka kuma tabbata ba a zuƙo hoton don ya cika allo ba. Kalli kowane sabon faifai da wuri, har ƙarshe, tun lokacin mayarwa bai wuce ba, domin akan sami kuskuren bugu kuma kamfanonin kan yi musanya na ɗan lokaci ne kawai. Ajiye su a tsaye, nesa da rana da zafi da danshi. In za ka goge, da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Akwatunan da ake zura faifai a aljihun kwali su suka fi karce shi wajen cirewa, don haka wanda kake yawan kallo ka mayar da shi gidan roba, ka bar akwatin a kanta.